Daga Ƙofar Ruwa Zuwa Gaban Riga: Wa Zai Ƙera Mana Bajo?

Kano gari ne da mutane ke son a gane ɓangarensu tun kafin su buɗe baki. Ɗan firamare yana da bajo ɗinke a aljihun rigarsa. 'Yan agajin ƙungiyoyin addini, na Izala da na Fityanul Islam da sauransu, kowa da tambarinsa a kafaɗa ko a hula. Idan watan Maulidi ya kama, musamman ranar Takutaha da jama'a ke tururuwa zuwa Dala, za ka ga matasa da hoton Shehu Ibrahim Inyass maƙale a ƙirji. Siyasa kuwa ba a magana. Tun zamanin da fartanya ke nufin NPC, tauraro ke nufin NEPU, har zuwa mabuɗin PRP a jamhuriya ta biyu da jar hular yau, Bakano bai taɓa rasa abin da zai nuna ba. Hatta manyan jami'an gwamnati, kowace shekara kafin 15 ga Janairu, sai ka gan su da alamar tunawa da 'yan mazan jiya a gaban riga.

Yawancin waɗannan alamomi na roba ne, ko takarda da aka lulluɓe da leda, ko zare da aka ɗinka a kan ƙyalle. Rana ɗaya ko biyu sun gama aiki, sai a tsince su a kwata. Amma akwai wani nau'in da ya fi su daraja da daɗewa, wato ƙaramin bajon ƙarfe mai faɗin milimita 25 zuwa 35, wanda aka cike da launuka masu sheƙi, a bayansa akwai tsinke da ɗan abin da ke kama tsinken. Shi ne bajon inamel. Shi kake gani a wuyan kwat ɗin lauya, da ƙirjin shugaban ɗalibai, da rigar ɗan ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ranar taron shekara. A ƙasashen Turai da Amurka da gabashin Asiya ya zama sana'a mai zaman kanta: mai zane ya zana abinsa a ɗaki, ya aika masana'anta ta bugo masa ɗari ko ɗari biyu, ya sayar ta intanet. Har masu tara shi ake da su, suna musaya a wuraren wasannin Olamfik, kamfanin Disney ma tun 1999 ya mayar da musayar bajo wani ɓangare na kasuwancinsa.

Abin da ya dame ni shi ne, kusan duk wanda ka gani mai kyau a Kano shigo da shi aka yi, alhali ga Ƙofar Ruwa nan a arewacin birni, cikin ƙaramar hukumar Dala, inda ƙarfe ke kwana ya tashi. Rodi ne, kwano ne, bututu ne, tsofaffin injuna ne da kayan gyaran mota, ga 'yan gwangwan suna auna tagulla da alminiyom a sikeli, ga masu walda da masu yankan ƙarfe da inji. A ina igiyar ta tsinke tsakanin wannan kasuwa da gaban rigar Bakano? Ba za a gane amsar ba sai an san yadda ake ƙera abin.

Aikin yana farawa ne daga zane a kwamfuta, irin wanda yaranmu masu buga fosta suke yi da CorelDraw. Daga zanen sai inji ya sassaƙa shi a jikin wani dunƙulen ƙarfe mai tauri, a gasa ƙarfen ya ƙara ƙarfi. Wannan shi ne hatimin ƙarfe, kuma shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya. Ana ɗora shi a injin matsa mai nauyin gaske, a buga shi a kan fallen baƙin ƙarfe ko tagulla ko jan ƙarfe, sai zanen ya fito: wasu wurare sun lotsa, wasu layuka sun tsaya a sama. Wani injin ya datse gefe, a liƙa tsinke a baya, a goge. Idan siffar mai wuya ce, mai huda-huda ko tudu da kwari, ba a bugawa, zubi ake yi da narkakkiyar tutiya da aka gauraya. Daga nan sai a tsoma bajon a ruwan sinadari a sakar masa lantarki, ya ɗauki ruwan gwal ko na azurfa ko baƙi. Sannan a zo zuba launi da sirinji, rami bayan rami. Wanda ya taɓa ganin lambu a fadama ya san fangali, yadda kunya ke tsare ruwan kowane fegi kada ya shiga na maƙwabcinsa. To haka layukan ƙarfen nan suke yi wa launuka. Duk inda launi biyu suka haɗu, dole a sami katangar ƙarfe a tsakaninsu.

Inamel ɗin kansa iri-iri ne, kuma a nan ake yawan cutar mai saye. Na asali garin gilas ne da ake zubawa a kan jan ƙarfe, a saka a tanderu mai zafin da ya kai kimanin digiri 800, gilas ɗin ya narke ya kama ƙarfen. Wannan ba ya koɗewa, ba ya dusashewa, jika zai gaji na kakansa. Shi ne irin wanda tsofaffin kamfanonin Birmingham a Ingila, kamar Fattorini, suka yi suna da shi wajen ƙera bajon makarantu da lambobin yabo. Abin da ya cika kasuwa yau kuwa fenti ne mai kauri ko wani irin ƙaro na sinadari, wanda ake gasawa a zafi kaɗan. Shi ma kashi biyu ne. Akwai mai taushi, wanda launin ke zama a ƙasan rami, idan ka shafa da yatsa za ka ji layukan ƙarfe. Akwai mai tauri, wanda ake cikawa har ya tumbatsa, a gasa, a goge shi sumul har launi da ƙarfe su daidaita. Na biyun ya fi tsada, ya fi jure gogayya. Na farkon ya fi araha kuma ya fi fito da ƙananan layuka. Babu laifi a sayar da kowanne, laifin shi ne a sayar wa mutum fenti da sunan gilas.

Mafi yawan bajon da duniya ke sawa yanzu daga Sin yake fitowa: Kunshan a lardin Jiangsu, Zhongshan da Dongguan a lardin Guangdong, da garin Jinxiang na yankin Wenzhou wanda ya daɗe da shahara a wannan sana'a. Abin da ya ba su galaba ba wani sirri ba ne. Mai sassaƙa hatimi, da mai bugu, da mai ruwan gwal, da mai zuba launi, duk suna kusa da juna, kuma wuta ba ta ɗaukewa.

Idan aka dawo gida za a ga ba hannu muka rasa ba. Labarin kafuwar Kano ma da maƙeri ya fara, wanda aka ce ya taso daga Gaya ya zo gindin Dala neman tama. Birnin ya daɗe da raba maƙeransa gida biyu, maƙeran baƙi masu fartanya da lauje da wuƙa, da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla, masu zobe da munduwa da adon kayan doki, waɗanda har yau ake sayar da aikinsu a Kurmi. Philip Jaggar na jami'ar Landan ya rubuta littafi guda a kan maƙeran birnin Kano, ya fito a 1994. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tsohon ƙarfen Turawa ya maye gurbin tama a hankali, kuma zuriyar wannan sauyin ce ta haifi kasuwanni irin Ƙofar Ruwa da Fantekar Kaduna. Masu zubin tukwanen alminiyom suna nan, suna narkar da tsofaffin kayan inji su zuba a mazubin yashi. A Bida akwai maƙeran tagulla, akwai kuma Masaga masu narkar da gilas su yi duwatsun wuya da awarwaro, wato ƙarfe da gilas, abubuwa biyun da inamel na asali ke buƙata, suna gari ɗaya. A Agadas maƙeran Buzaye sun ɗauki ɗan ƙaramin gicciyen azurfa, wanda suke zubawa ta hanyar kakin zuma, sun mayar da shi alamar da ake saye har Faransa.

Wani abin da mutane suka manta kuma shi ne, an taɓa gasa inamel na gaske a Kano da yawan gaske. Samira da langa da fanteka da iyayenmu mata suke jerawa a ɗaki, masu furanni ja da kore, ƙarfe ne da aka lulluɓe da gilas aka gasa. Tun wajen shekarun 1960 'yan kasuwar Hong Kong suka kafa masana'antun irin waɗannan kwanuka a Nijeriya, har da Kano, Kanawa kuma suka yi aiki a cikinsu. Da roba da silba suka ture kwanon jere, ilimin ya tafi tare da ma'aikatan, ba wanda ya sauko da shi zuwa ƙananan sana'o'i.

Saboda haka abin da babu abu biyu ne: wurin sassaƙa hatimi mai laushin aiki, wanda zai fitar da layin da bai kai rabin milimita ba, da wurin yin ruwan gwal da na azurfa mai inganci wanda ƙaramin mai sana'a zai kai guda ɗari a yi masa. Ƙofar Ruwa ta saba da babban aiki, ƙofa da taga da tankin ruwa, inda kuskuren milimita biyu ba komai ba ne. A bajo kuwa milimita biyu harafi guda ne.

Kafin a cike wannan giɓi, abin da ke hannunmu tsaf shi ne zane, kuma a ganina nan ne ribar gaskiya take, domin masana'antar Sin za ta buga wa kowa, amma ba za ta san abin da Bakano zai so ya maƙala ba. Sai dai zanen bajo ba zanen fosta ba ne, kuma yawancin asarar masu farawa daga nan take. Mai fosta ya saba da launi yana narkewa cikin launi, da inuwa, da hoton fuska. Inamel bai san wannan ba. Kowane launi shimfiɗe yake, shi kaɗai a raminsa. Launi huɗu ko biyar sun isa, ƙari a kan haka ƙarin kuɗi ne da ƙarin kuskure. Ba a kuma cewa masana'anta kore ko shuɗi kawai, sai a ba ta lambar launin daga littafin Pantone, in ba haka ba koren tutar Nijeriya zai dawo maka koren ganyen latas, kuma ba ka da bakin magana.

Ɗauki dagin Arewa. Kamar don bajo aka ƙirƙire shi: layuka ne masu sarƙewa, kowane gurbi a rufe yake, ko a milimita 25 ana gane shi daga nesa. Haka zanen aska takwas na babbar riga, da zankwayen soro, da siffar ƙofofin gari, da tambarin rini na Ƙofar Mata. Amma ɗauki bajon tsofaffin ɗaliban wata makaranta, inda kwamiti ya dage sai an sa cikakken sunan makarantar, da taken ta, da shekarar kafuwa, da littafi da alƙalami da fitila, da sunan ajin. Idan aka matse wannan duka a faɗin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, rubutun cuɗewa zai yi. Aikin mai zane na gari shi ne ya zauna da kwamitin ya lallashe su su zaɓi abu ɗaya, sauran a buga a bayan bajon ko a katin da za a maƙala shi.

Rubutunmu ma yana da nasa tarko. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, idan aka aika su a matsayin rubutu, kwamfutar masana'anta ba lallai ta san su ba, sai ta mayar da su k da d da b ko ta bar gurbi. Dole a mayar da kowane harafi zane kafin a tura. Ajami da Larabci sun fi haka haɗari, domin ɗigo ɗaya ke raba harafi da harafi, kuma ɗigon tsibiri ne shi kaɗai a tsakiyar launi. Idan ya yi ƙanƙanta goga za ta cinye shi, ma'aikacin da bai san harshen ba kuwa ba zai lura ba. Wannan ya sa ba a amincewa da hoton kwamfuta kawai. A nemi samfur na ƙarfe, ko aƙalla hotonsa na kusa, a kai wa malami ya karanta kafin a ce a buga sauran. Ni dai ra'ayina, ayar Alƙur'ani da sunan Allah a bar su daga bajo. Abu ne da ake shiga banɗaki da shi, yana faɗuwa ƙasa a taka, yara suna wasa da shi.

Akwai kuma batun tufafinmu, wanda littattafan Turawa ba za su gaya maka ba. An ƙirƙiri tsinken bajo ne don wuyan kwat mai kauri. Mutumin da ya sayi shadda mai tsada ya kai wa maɗinki, ya kai bugu ta yi sheƙi, ba zai yarda ka huda masa gaban riga ba, domin hudar ba ta ɓacewa. A nan bajo mai maganaɗisu ya fi dacewa, ko da ya ɗan fi tsada. A kan mayafi ko hijabi mara nauyi kuwa, bajo mai nauyi rinjayar ƙyallen yake yi, sai a yi shi ƙarami, da fil irin mai rufewa. Wanda ya wuce milimita 40 yana son tsinke biyu, in ba haka ba juyawa zai riƙa yi. Sannan zafin bazara da gumi da laimar damina suna saurin cin ruwan da aka yi wa baƙin ƙarfe, tsatsa ta fito ta ɓata farar riga. Wanda ke son mai saye ya dawo, ya biya bambancin ya yi na tagulla.

Sai lissafi. Kuɗin bajo kashi biyu ne, kuɗin hatimi da ake biya sau ɗaya, da kuɗin kowane guda. A ɗauka, don misali kawai, hatimi dala 60 ne, kowane guda kuma dala 1. Mai guda 50 zai biya dala 110, wato kowanne ya tsaya masa dala 2.20. Mai guda 500 zai biya 560, kowanne dala 1.12. Wannan ke ruɗin sabon shiga ya yi oda mai yawa don ya sami sauƙi, sai ya sayar da sittin, sauran su zama kwantai a cikin kwali. Ban da haka ga kuɗin jirgi, ga la'adar wakili a Guangzhou, ga kwastan, ga kati da leda, ga waɗanda za su zo da tabo ko launi ya tsallaka katanga, waɗanda dole a ware su a sayar da rangwame. A kan wannan duka ga dala. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, farashin hukuma yana wajen 460, zuwa Fabrairun 2024 ya haura 1,500. Duk wanda ya yanka wa ƙungiya farashi da naira, ya karɓi rabin kuɗi, ya bari sai kaya sun gama sannan ya je kasuwar canji ta Wapa neman ciko, ya san abin da ya same shi. Dabarar ita ce a karɓi kafin alƙalamin da zai biya masana'anta gaba ɗaya, a canja shi a ranar.

Lokaci ma kuɗi ne. Daga amincewa da zane zuwa isowar kaya filin jirgin Malam Aminu Kano, a ware wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Masana'antun Sin suna rufewa na makonni a bikin sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu. Namu bukukuwan kuma da wata suke tafiya, kowace shekara suna matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya, don haka wanda ke son kayan Sallah ko na Maulidi sai ya riƙe kalanda biyu a hannu.

Wa zai saya? A Turai mai zane yakan sayar wa ɗaiɗaikun mutane. A nan kuwa ƙungiya ce kasuwa. Tsofaffin ɗaliban Rumfa da Barewa da jami'ar Bayero, ƙungiyoyin likitoci da injiniyoyi da 'yan kasuwa, makarantun Islamiyya ranar sauka, dangin amarya da ke neman abin rabo wanda ya fi kalanda da sitika daɗewa. Irin wannan ciniki ya fi aminci, domin an san adadi kafin a buga, kuma a zauren WhatsApp ɗaya za a gama magana. Bayan an tsaya da ƙafa sai a gwada na kiri: baƙin da ke zuwa kallon hawan Sallah, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a Disambar 2024, da masu ziyartar Gidan Makama, da kasuwar baje koli, da Ranar Hausa ta 26 ga Agusta. Hausawan zango a Accra da Kumasi, da na Sudan da Saudiyya da Turai, su ma masu son abin da zai nuna asalinsu ne, kuma bajo ba shi da nauyin aikawa. Odar 'yan siyasa ita ta fi kowacce girma, ita kuma ta fi kowacce haɗari. Ranar da aka faɗi sakamako, wanda ya faɗi ba ya ɗaga waya, wanda ya ci ba ya ganuwa, bajo mai hoton ɗan takara kuwa ba shi da wani mai saye. A karɓi kuɗi duka kafin a taɓa ƙarfe.

Wani abin da ake ɗauka da wasa shi ne haƙƙin mallaka. Tambarin Kano Pillars na kulob ɗin ne. Masoyin Sai Masu Gida da ya bugo shi ya tsaya sayarwa a ƙofar filin wasa na Sani Abacha ba tare da izini ba, dukiyar wani yake ci, ko da da ƙauna ya yi. Ya je ya nemi yarjejeniya, kulob ya sami kasonsa. Tambarin ƙasa akwai dokar da ta tsare amfani da shi. Bajon soja da na 'yan sanda da sauran jami'an tsaro kuwa, duk wanda ya buga wa wanda bai kawo takardar hukuma ba, ya taimaki sojan gona ne. Ta ɗaya gefen, mai zanen kansa yana buƙatar kariya. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba shi iko a kan zanensa, amma kariyar da ta fi aiki ita ce ya buga sunan sana'arsa a bayan kowane bajo, kuma ya rubuta a yarjejeniya cewa hatimin nasa ne, masana'anta ba za ta buga wa wani da shi ba. Kantin Kwari ya isa darasi a kan yadda zanen atamfa ke tafiya Sin ya dawo da rabin farashi.

To me Ƙofar Ruwa za ta iya yi yau, ba gobe ba? Ba na ganin hikima a ce za a yi gasa da Kunshan a oda ta dubu biyar. Inda Sin ke da rauni shi ne ƙaramar oda ta gaggawa: guda talatin ko hamsin, ana so nan da kwana biyar, taron ya matso. Nan kuɗin hatimi da na jirgi ke sa abin ya fi ƙarfin mai saye, nan kuma ɗan gida zai ci kasuwa, domin akwai hanyoyin da ba sa buƙatar hatimi. Ana iya ɗora zane a kan fallen tagulla, a rufe layukan da ake so su tsaya, a tsoma a sinadarin da masu gyaran lantarki ke cinye allon waya da shi, ya ci wuraren da aka bari ya bar ramuka. A yanka da ƙaramin zarto, a daidaita gefe da magagari, a liƙa tsinke, a goge, a zuba ƙaro mai launi wanda ke daskarewa ba tare da wuta ba. Tagulla idan ta sha goga tana da nata kyan, ba ta buƙatar ruwan gwal. Ana kuma iya kai wa maƙerin fari siffa ɗaya ya yi zubi. Ba zai fito sumul kamar ɗan Caina ba, amma ga mai sayen dagi ko ƙofar gari, alamar hannun maƙerin Kano daraja ce da za a faɗa masa a kuma caje shi a kanta.

Sai dai a nan dole in ja kunne. Tagullar gwangwan ba a san abin da ke cikinta ba. Tsofaffin famfuna da kayan inji sukan ƙunshi dalma, kuma bajo abu ne da yaro zai iya sawa a baki. Abin da dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara kimanin 400 suka rasu, bai kamata ya fita daga ran duk mai narkar da ƙarfe a cikin unguwa ba. Abin da zai taɓa jiki a yi shi da sabon falle wanda aka san asalinsa. Ruwan sinadarin da aka gama aiki da shi kuma ba na zubarwa a kwata ba ne.

Wannan ne ma dalilin da ya sa ba zan so a ce kowane shago ya kafa bahon ruwan gwal a bayansa ba. Aikin yana amfani da asid da nikel, wani lokaci har da guba mai kisa nan take, kuma kogin Challawa ya riga ya sha abin da ya ishe shi daga majemun zamani. Abin da ya dace shi ne wuri ɗaya na haɗin gwiwa a Sharaɗa ko Bompai, mai tace ruwansa, da injin sassaƙa ɗaya ko biyu, inda mai ƙaramin jari zai kai aikinsa a yi masa ya biya. Masu ilimin suna kusa: kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar Kano tana horar da masu aikin inji, jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da sashen zanen masana'antu da sashen fasahar gilas. Ƙungiyar 'yan kasuwar Ƙofar Ruwa ita ta fi kowa sanin inda ake samun tsohon injin matsa da wanda zai tayar da shi. Kuma irin wannan wuri ba da bajo kaɗai zai rayu ba. Masu lambobin yabo na gasar musabaƙa da na makarantu, da masu maɓallan riga, da masu hannun ƙofa, da masu 'yan kunne, duk suna buƙatarsa, ga kuma masu likkafa da linzami da adon sirdi, waɗanda aikinsu ke ninkuwa duk shekara idan hawan Sallah ya gabato.